Ƙasar Caffa a Ƙagaggiyar Duniya: Tarken Matsayin Orkawan Moriya a Labaran J.R.R. Tolkien

1.0 Gabatarwa

Marubucin da ya ƙagi duniya sukutum ya ɗauki nauyin da ya fi na mai ƙaga taurarin labari kaɗai, domin dole ne ya zana iyakoki, ya naɗa sarakuna, ya yanka haraji, ya kuma raba wa kowace al'umma harshen da za ta yi magana da shi. A cikin wannan rabo ne ra'ayinsa game da 'yan'adam yakan ɓuya. Manufar wannan maƙala ita ce ta tarki wani ɓangare na irin wannan rabo a ayyukan J.R.R. Tolkien, wato matsayin ƙasar Moriya a zamanin da halittun da ya kira Ork suke mulkinta suna kai gandu ga Sauron.

An haifi Tolkien a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu a 1892, ya rasu a Ingila a 1973. Masanin tsohon Ingilishi ne da tarihin kalmomi, ya kuma riƙe kujerar farfesa a Jami'ar Oksfod daga 1925 zuwa 1959. Littattafan da za a dogara da su su ne The Hobbit na 1937, da The Lord of the Rings wanda ya fito kashi uku a 1954 da 1955, tare da rataye-ratayen da ke ƙarshensa. Abin da maƙalar take son nunawa shi ne, marubucin ya ba Orkawan Moriya kusan duk abin da ƙasa take buƙata, sarki da magaji da arziki da kishin jini, amma da aka zo rabon zaman lafiya sai ya yi kamar bai taɓa ba su komai ba.

2.0 Matsalar Suna

Kafin a shiga labarin, ya kamata a tsaya kan sunan, domin duk wanda zai kawo waɗannan littattafai cikin Hausa nan zai fara tuntuɓe. Tolkien ya ɗauko kalmar ork daga tsohon Ingilishi, inda take nufin mugun iska, kuma ta fito a haɗe da wata kalma a tsohuwar waƙar nan ta Beowulf. Kalmar farko da za ta zo wa Bahaushe ita ce dodo. To amma Dodon tatsuniya ɗaya ne tilo a dajinsa ko a bakin rafinsa. Yana da gida, wani lokaci har da mata, sai dai ba shi da runduna, ba ya kuma kai wa kowa gaisuwa. Aljani ma bai zauna ba, saboda a fahimtar Musulmi aljanu masu hankali ne da aka ɗora wa hukunci, akwai muminai a cikinsu akwai kafirai, ƙofar tuba kuwa a buɗe take gare su. Yajuju da Majuju sun yi kusa ta fuskar yawa da ɓarna, amma su ba a san su da hira ko ƙorafin aiki ba.

Shi ya sa aka zaɓi a bar kalmar yadda take, a yi mata jam'i da ɗafa-ƙeyar -awa, a ce Orkawa, tilo kuma Ba'orke. Masana nahawu za su lura cewa wannan zaɓi ba na banza ba ne. Wannan ɗafi shi ne na Kanawa da Katsinawa da Turawa, wato na mutanen wani gari ko wata al'umma. Da an ce dodanni, an yanke hukunci tun kafin a saurari shari'ar. Bisa wannan ƙa'ida za a ce Elfawa da Hobitawa, gajerun maƙeran duwatsu kuwa a kira su Wadanni.

3.0 Moriya Tsakanin Azog da Sauron

Moriya birni ne da Wadanni suka sassaƙa a ƙarƙashin Duwatsu Masu Hazo, su kuma Khazad-dûm suke kiransa. Sunan Moriya na Elfawa ne, ma'anarsa baƙin rami. Dacewarsa da kalmarmu ta moriya katari ne kawai, ko da yake mai karatu zai ga katarin bai yi nisa da gaskiya ba. Arzikin birnin shi ne mitiril, wani ƙarfe mai kama da azurfa, marar nauyi, wanda ya fi baƙin ƙarfe tauri, darajarsa kuma ta ninka ta zinariya sau 10 tun ana samunsa. Garin haƙarsa ne Wadanni suka tono Balrog, wani ifiritun wuta na zamanin farko, a shekara ta 1980 ta Zamani na Uku. Ya kashe sarkinsu, a shekarar da ta biyo kuma suka watse. Wajen shekara ta 2480 Sauron ya fara zuba halittunsa a kufan. Ke nan tun tushe ƙasar Orkawan Moriya dashen wani ce.

Shaidar caffa ta fito daga bakin Gandalf a lokacin da ayarin Zobe yake ratsa ramin a farkon 3019. Ya bayyana cewa kusan duk mitiril ɗin da Wadanni suka haƙo Orkawa sun tattara shi sun miƙa wa Sauron a matsayin gandu. Da faɗa ya tashi kuma, sai aka ga manyan baƙaƙen Orkawan Mordor a cikin 'yan ƙasa, kamar dai jakadun da ubangida yakan ajiye a garin barorinsa don su zama idonsa.

Yana da amfani a auna wannan da ma'aunin da muka sani. A ƙarni na 19 Keffi da Nasarawa da Jama'a suna kai gandu Zazzau, Zazzau kuma tana kai nata Sakkwato. Duk nauyin wannan tsari, igiya ce mai baki biyu: bara yana kawo gandu da mayaƙa, ubangida kuma yana tabbatar da naɗi, yana raba gardama, ana kuma sa ran ya kawo ɗauki ranar wuya. A Moriya baki ɗaya kawai igiyar take da shi. Ba a ga inda Sauron ya naɗa wani, ko ya sasanta wata rigima, ko ya aiko da gudummawa ba. Tolkien ya san yadda amana ta gaskiya take, domin ya zana ta tsakanin Gondor da Rohan, inda aka ba Eorl ƙasa a 2510 bisa rantsuwar taimakon juna, rantsuwar da ta kawo mahayan Rohan filin daga bayan shekaru fiye da 500. Da gangan ya hana Moriya irin wannan, don ya nuna cewa mugun sarki cin moriyar ganga kawai ya iya. Wannan kam ya yi masa kyau, kuma ya dace da jigon littafin.

Inda al'amarin ya fi ɗaukar hankali shi ne zamanin Azog. A 2790 Thrór, tsohon sarkin Wadanni da ya rasa mulki da dukiya, ya shiga ƙofar Moriya shi kaɗai, baransa Nár yana jira a waje. Bayan kwanaki aka jefo gawarsa ba kai. Azog ya yi wa goshin lalas da sunansa, ya yi shelar cewa yanzu shi ne mai gida, ya kuma jefa wa Nár 'yar jakar kuɗi marasa daraja a matsayin ladan kai saƙo. Abubuwa biyu ne abin lura a nan. Na farko, da haruffan Wadanni Azog ya rubuta sunan nasa, wato ya iya rubutun abokan gabarsa, ya kuma san wa yake aika wa da wasiƙar. Na biyu, bai ambaci Sauron ba ko sau ɗaya. A wancan lokaci ubangidan yana ɓoye a Dol Guldur, bai bayyana kansa a Mordor ba sai 2951. Azog bara ne da ya ga maigida ya yi nisa, ya miƙe ƙafa ya yi sarauta da sunan kansa. Wannan halin siyasa ne, kuma duk wanda ya karanta tarihin dauloli ya san shi. Fina-finan Peter Jackson na 2012 zuwa 2014 sun rage masa wannan daraja, da suka raya shi bayan lokacinsa suka mai da shi sarkin yaƙin Sauron kai tsaye.

Yaƙin da ya biyo baya ya ɗauki shekara 6, daga 2793 zuwa 2799, Wadanni suna bin garuruwan Orkawa ɗaya bayan ɗaya tun daga Gundabad ta arewa. Ratayen ya amsa cewa yaƙi ne na rashin imani daga kowane ɓangare. A gwabzawar ƙarshe a kwarin Azanulbizar, Dáin ya sare Azog a bakin ƙofa, aka tsire kansa, aka cusa masa jakar kuɗin nan a baki. Ramuwar ta yi daidai da laifin har a siffa. Duk da haka, mai ba da labari ya kira na farko ta'asa, na biyu kuwa ya bar shi a matsayin biyan bashi. Dalilin a fili yake idan aka tuna da isnadin da marubucin ya ƙaga wa littafinsa: Hobitawa ne suka rubuta Jan Littafi, tarihin Wadanni kuma daga bakin Gimli aka ji shi. Ba mu da labarin Moriya sai ta hanyar waɗanda suka rasa ta.

Bayan haka sai ga Bolg ɗan Azog ya tara rundunar arewa a Gundabad ya jagorance ta zuwa Yaƙin Runduna Biyar a 2941. Tsakanin mutuwar uban da ta ɗan akwai shekara 142. Kalmar ɗa ita kaɗai ta buɗe ƙofar da marubucin bai so ya leƙa ba: inda akwai ɗa akwai uwa, akwai goyo da reno, akwai wanda ya riƙa gaya wa yaro wa ya kashe ubansa. A cikin shafuffukan nan duka ba a nuna macen Orkawa ba.

4.0 Harshen Bayi da Harshen Kasuwa

Wannan sashe ne ya fi shafar masu nazarin harsuna. A ratayen da ya keɓe don harsuna, Tolkien ya ce Orkawa ba su da harshen kansu tun asali, sai dai sukan tsinci na wasu su lanƙwasa shi yadda suke so, kuma kare-karensu sun yi yawa har wata ƙabila ba ta jin wata. Sauron ya ƙirƙiro Baƙin Harshe da nufin ya zama harshen duk masu yi masa bauta, amma bai ci nasara ba. Manyan hafsoshinsa kaɗai suka riƙe shi da tsarkinsa, sai 'yan kalmomi da suka bazu, irin su ghâsh, wato wuta, da snaga, wato bawa, sunan da manyan Orkawa suke kiran ƙanana da shi.

Babi na 3 na littafi na uku ya nuna sakamakon haka a aikace. Ƙungiyoyi uku ne suke tafe da Merry da Pippin a ɗaure: mutanen Uglúk na Isengard masu tambarin farin hannu, da mutanen Grishnákh na Mordor masu tambarin jan ido, da 'yan arewa da suka biyo sawu tun daga Moriya. Pippin ya yi mamakin yadda yake fahimtar gardamarsu, sai ya gane cewa da harshen gama-gari na mutane suke yi, tunda ba sa jin na juna. Harshen da sarki ya tsara a fada ya mutu a fada, wanda ake ciniki da shi a hanya shi ya haɗa rundunar. Mu da muke koyar da Hausa a wajen ƙasar Hausa ba ma buƙatar a yi mana bayanin wannan. Mun san yadda Barikanci ya tashi a rundunar Turawan mulkin mallaka, inda sojoji daga ƙabilu barkatai suka ɗauki Hausa suka sauƙaƙa ta don aiki. A nan idon Tolkien na masanin harshe ya gani daidai.

Abin da kowace ƙungiya take so a wannan gardama shi ma abin dubawa ne. Uglúk da Grishnákh umarnin iyayengijinsu suke ja a kai, wannan yana cewa Isengard, wancan yana cewa Mordor. 'Yan Moriya su kaɗai ne suka zo don dalilin kansu: an kashe musu 'yan'uwa, sun zo ɗaukar fansa, suna son su gama su koma gida. Amsar da suka samu ita ce Uglúk ya fille kawunan biyu daga cikin masu gardama. Ƙaramar ƙasa ce ta faɗo tsakanin manya biyu, kuma ita ce aka fara yankawa.

Sai dai akwai inda ba za a bi marubucin ba. Ya ɗauki aron kalma a bakin Ba'orke a matsayin alamar lalacewar ɗabi'a. Misalinsa shi ne tark, sunan da suke kiran mutumin Gondor, wanda aka gutsuro daga wata doguwar kalmar Elfawa. To ai haka kowane harshe yake yi. Mun karɓi alƙali da littafi daga Larabci, kasuwa ta zo mana ta hannun Barebari, mota da tebur daga Ingilishi, kowace kuma mun sassaƙe ta ta dace da bakinmu. Ingilishin da Tolkien ya yi wa hidima a babban ƙamus na Oksfod bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya cike yake da aron Faransanci da Latin. Ya san wannan fiye da kowa, amma da labari ya buƙaci abokin gaba sai ya mai da dokar harshe ta zama laifi. Haka kuma salon Ingilishin da ya sa a bakinsu na ƙananan sojoji ne da 'yan tasha, alhali sarakunan Gondor suna magana da tsohon salo mai nauyi. Rabon nagarta ya bi rabon aji.

A 1975 Chinua Achebe ya tuhumi Joseph Conrad da hana 'yan Afirka magana a Heart of Darkness. Wannan tuhuma ba za ta hau kan Tolkien yadda take ba, domin shi ya bar Orkawa sun yi magana har sun ba shi kunya. A ƙarshen littafi na huɗu, Sam ya saurari hirar hafsoshi biyu, Shagrat da Gorbag. Suna ƙorafin manya, suna tsoron 'yan leƙen asiri, suna mafarkin in yaƙi ya ƙare su zame da 'yan amintattun yaransu su kafa nasu wuri inda babu shugabanni, kamar zamanin da. Wannan zamanin da kuwa, ai irin na Azog ne. Gorbag har ya soki barin aboki a yashe, ya ce halin Elfawa ne, ko da yake nan take Shagrat ya ba da labarin yadda suka bar wani nasu a saƙar gizo-gizo suna dariya. Tom Shippey ya yi nuni da cewa wannan yana tabbatar da sun san kyakkyawa da mummuna, bin sa ne ba sa yi. Halittar da ta san wannan bambanci kuwa ba dabba ba ce. Abin da ya hallaka Gorbag da jama'arsu daga baya shi ne rigar mitiril ta Frodo, ƙarfen nan dai da aka saba kwashewa daga Moriya a kai wa maigida.

5.0 Ranar Rabon Ƙasa

A ƙofar Mordor kakakin Sauron ya karanta wa sarakunan yamma sharuɗɗan sulhu: ƙasashen gabas da kogin Anduin su zama na Sauron har abada, na yamma kuwa su riƙa biyan gandu, a hana su ɗaukar makami, amma a bar su su gudanar da harkokinsu a ƙarƙashin idon wakilinsa da zai zauna a Isengard. Mai karatu ɗan Nijeriya ba zai rasa jin ƙamshin wani tsari da ya sani ba tun daga 1903, ko da yake marubucin ya sha faɗin cewa ba ya son a karanta labarinsa a matsayin habaici ga tarihin zahiri. Gandalf ya yi watsi da sharuɗɗan, kuma littafin yana tare da shi: zaman caffa irin wannan bai dace da 'yantattu ba.

Da Sauron ya faɗi, Aragorn ya zauna rabon adalci. Ya yafe wa mutanen gabas da suka miƙa wuya, ya yi sulhu da mutanen Harad na kudu, ya 'yanta bayin Mordor ya ba su ƙasar da ke kewaye da tafkin Núrnen. Kowane bara na Sauron ya sami makoma, ban da Orkawa. Su an kwatanta su da tururuwar da aka kashe wa uwa, wasu suka kashe kansu, wasu suka faɗa ramuka. Wannan hoto ya saɓa wa abin da littafin ya riga ya nuna. Gorbag da yake ƙulla yadda zai gudu daga manya, da Azog da ya yi sarauta maigida na ɓoye, ba su yi kama da halittun da ransu yake rataye da nufin mutum ɗaya ba.

Tolkien ya ji wannan ƙaya, kuma adalci ne a faɗi haka. Shi Kirista ne ɗan ɗariƙar Katolika, ya yi imani cewa sharri ba ya halitta, sai dai ya ɓata abin da aka halitta. Saboda haka a The Silmarillion, wanda ɗansa Christopher ya fitar a 1977, an ce daga Elfawan da Morgoth ya kama ya azabtar aka samo Orkawa. To idan haka ne suna da rai, mai rai kuma yana iya tuba. A wata wasiƙa ta 1954 ya ce ya kusa kiransu waɗanda ba su da ceto, sai ya ga hakan ya wuce iyaka. Rubuce-rubucensa na ƙarshe da aka buga a Morgoth's Ring a 1993 sun nuna shi yana jujjuya maganar, ko daga mutane suke, ko dabbobi ne da aka koya wa magana kamar aku, har ya rasu bai tsaya kan ɗaya ba. A gefe guda akwai wasiƙarsa ta 1958 inda ya siffanta kamanninsu da na Mongolawa ta hanyar da ba ta da daɗin ji, a ɗaya gefen kuma akwai jawabinsa na bankwana da Oksfod a 1959 inda ya bayyana ƙyamarsa ga wariyar launin fata ta ƙasar haihuwarsa. Matarki ba shi da ikon ɗaukar ɗaya ya jefar da ɗaya.

Waɗanda suka biyo bayansa sun shiga ta wannan ɓaraka. A wasan kwamfuta na Daggerfall na 1996, sarkin Orkawa Gortwog yana fafutukar a amince da ƙasarsa Orsinium a cikin daular mutane, wato caffa ce yake nema da kansa don ta zame masa shaidar zama al'umma. Kirill Yeskov na Rasha ya sake ba da labarin Yaƙin Zobe daga ɓangaren Mordor a 1999, R.A. Salvatore kuma ya kai sarkin Orkawa Obould teburin sulhu da Wadanni a The Orc King na 2007. Babu ɗayansu da ya kai Tolkien zurfin harshe, amma duk tambayarsa suke amsawa.

Shi kansa ya taɓa fara ci gaban labarin da sunan The New Shadow, ya ajiye shi bayan 'yan shafuffuka, aka buga guntun a 1996. An gina shi a zamanin Eldarion ɗan Aragorn, lokacin da Orkawa suka zama labarin tsofaffi. Abin da ya rage nasu a Gondor shi ne yaran birni da suke wasan kwaikwayon Orkawa suna ɓarna, da wani dattijo mai suna Borlas da yake tuna ranar da ya kama yaron maƙwabta yana kakkaɓe masa ɗanyun 'ya'yan itace a lambu, ya ce masa wannan aikin Orkawa ne.